Moritz von Jacobi

Moritz Hermann von Jacobi (21 ga Satumba, 1801 – 10 ga Maris, 1874), wanda Rashawa suka fi sani da Boris Semyonovich Yakobi, injiniya ne kuma masanin kimiyyar lantarki, haifaffen Jamus, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a ƙasar Rasha. Shi ne ya fara bayyana wa duniya, a shekarar 1838, hanyar gina ƙarfe da wutar lantarki a cikin ruwan sinadari ba tare da an narkar da shi ba, fasahar da ya raɗa wa suna galbanofilastik. Da ita aka riƙa kwafar farantan ɗab'i da lambobin yabo da mutum-mutumi, kuma daga gare ta aka samo hanyar da masu sana'ar tangaran ke bi wajen yi wa tukunya ko tulun fure ado da jan ƙarfe da azurfa. Ya kuma ƙera ɗaya daga cikin injinan lantarki masu juyawa na farko, ya tafiyar da jirgin ruwa da shi a kogin Neva, sannan ya yi aiki a kan wayar tangarahu da nakiyoyin ruwa. Shi wa ne ga masanin lissafin nan Carl Gustav Jacob Jacobi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Jacobi a garin Potsdam da ke kusa da Berlin, a masarautar Prussia ta wancan zamani. Iyayensa Yahudawa ne masu hali, mahaifinsa Simon Jacobi kuwa mai harkar banki ne. Ƙanensa Carl, wanda aka haifa a 1804, ya riga shi yin suna nesa ba kusa ba, domin tun bai kai shekara talatin ba ake lissafa shi cikin manyan masana lissafi na Turai. Har yau ɗalibai kan rikita su biyun, saboda suna ɗaya suke gani a littafin lissafi da kuma littafin lantarki.

Ya yi karatu a jami'o'in Berlin da Göttingen, daga nan ya shiga aikin gwamnatin Prussia a sashen gine-gine. Bai fara da kimiyyar lantarki ba sam. Mai zanen gini ne da ya san injinan niƙa da na tururi. A 1833 ya koma birnin Königsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad, inda ƙanensa ke koyarwa a jami'a, kuma a can ne hankalinsa ya karkata ga maganaɗisun lantarki.

Sunayensa biyu kan sa mai karatu ya zaci mutum biyu ne. A Jamusanci harafin J kamar Y ake furta shi, don haka Yakobi ake faɗi. Da ya zauna a Rasha sai aka bi al'adarsu ta kiran mutum da sunansa haɗe da na mahaifinsa: Moritz ya koma Boris, Semyonovich kuma ma'anarsa ɗan Semyon, wato Simon a bakin Rashawa.

Injin Königsberg

A shekarun da Jacobi ya shigo fagen, ilimin bai daɗe da kafuwa ba. A 1820 Hans Christian Oersted ya gano cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar kamfas, a 1825 kuma William Sturgeon na Ingila ya nuna cewa guntun ƙarfe da aka naɗe da waya yana zama maganaɗisu muddin wuta na bi ta cikin wayar. Masu ƙirƙira da dama sun yi ƙoƙarin yin inji da wannan ƙarfi, amma yawancinsu injin tururi suke kwaikwayo, sanda ta je ta dawo, sannan a mayar da motsin ya zama juyi. Jacobi ya ga wannan ɓata ƙarfi ne. A ganinsa, tunda maganaɗisu na iya ja ya kuma ture, ya kamata inji ya juya kai tsaye.

A watan Mayun 1834 ya kammala injinsa. Yana da rukuni biyu na maganaɗisu masu siffar harafin U, ɗaya a kafe, ɗaya a jikin faifan da ke juyawa, da wani makunni a jikin sandar tsakiya wanda ke sauya wa wutar hanya a daidai lokacin da ya dace, ta yadda ja zai koma turi, faifan ya ci gaba da tafiya. Injin na iya ɗaga nauyin laba 10 zuwa 12 tsayin ƙafa ɗaya a cikin daƙiƙa, kimanin wat 15 ke nan. Ƙarfin bai taka kara ya karya ba a ma'aunin yau, amma a lokacin babu wani injin lantarki da ya kai shi. A ƙarshen shekarar ya aika rahoto ga Cibiyar Kimiyya ta Paris, a 1835 ya wallafa cikakken bayani, jami'ar Königsberg kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa.

Dorpat da ɓawon jan ƙarfe

A 1835 aka ba shi kujerar farfesan zanen gine-gine a jami'ar Dorpat, wato Tartu ta ƙasar Estoniya a yau, wadda a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha kuma da Jamusanci ake koyarwa a cikinta. A nan ya yi aure, ya auri Anna Kokhanovskaya a 1836. Gini yake koyarwa, amma zuciyarsa na wajen injinsa, kuma babbar matsalar injin ita ce batir. Batiran farko da wuri suke sanyi, minti kaɗan ƙarfinsu ya ragu.

A 1836 John Frederic Daniell ya ƙirƙiro wani sabon batir a Landan mai riƙe ƙarfinsa na tsawon lokaci. A cikinsa akwai ruwa iri biyu: ruwan asid da aka tsoma tutiya a ciki, da kuma shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe da ke taɓa farantin jan ƙarfe. Ana raba ruwan biyu da wani abu mai tsatsa, a irin da ya fi yaɗuwa ma 'yar tukunyar yumɓu ce da ba a yi mata ruwan ƙyalli ba. Idan batirin na aiki, tutiyar na narkewa, jan ƙarfen da ke narke a cikin shuɗin ruwan kuma yana fita yana kwanciya a jikin farantin.

Jacobi ya haɗa irin wannan batir don gwaje-gwajensa. A 1837, yayin da ake tsabtace silindar jan ƙarfe ta ɗaya daga cikinsu, sai ya ga wani ɓawo na ɓantarowa daga jikinta. Da farko ya ɗauka ha'inci aka yi masa, ko dai ƙarfen ba a murza shi da kyau ba, ko kuma wanda ya haɗa silindar ya rasa mai kauri ya ninka sirara biyu, har ya kira ma'aikacinsa ya yi masa faɗa. Da ya sake duba ɓawon da kyau sai ya ga a cikinsa akwai sawun guduma da zanen magagari, daidai da waɗanda ke jikin silindar, sai dai a juye, inda ya loɓa a can ya taso a nan. Ƙarfen da lantarki ya ajiye ya ɗauki hoton abin da ya kwanta a kai, har ɗan karcen da ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma.

Ba shi kaɗai ya ga haka ba. Warren De la Rue, wani matashi Bature ɗan Ingila, ya lura da abu iri ɗaya a batirin Daniell a 1836, har ya rubuta shi a mujallar kimiyya, amma ya wuce bai bi ta kansa ba. Bambancin Jacobi shi ne ya gane cewa sana'a ce ke kwance a cikin wannan ɓawon, ya kuma shafe fiye da shekara yana gwada ƙarfin wuta da kaurin ruwa har ya sami ƙarfe mai laushi da ƙwari wanda ba ya rugurgujewa a hannu.

Jirgi a kogin Neva

Gwamnatin Sarki Nicholas na Ɗaya ba ta san da zancen ɓawo ba tukuna, injin take so. A 1837 aka kira Jacobi zuwa Saint Petersburg, babban birnin daular, aka kafa kwamiti don a ga ko lantarki zai iya tafiyar da jiragen ruwa. Cikin kwamitin akwai Admiral Krusenstern, wanda ya jagoranci tafiyar Rashawa ta farko ta kewaya duniya, da masanin lantarki Emil Lenz, wanda ya zama abokin binciken Jacobi na shekaru.

Ranar 13 ga Satumba, 1838, aka gwada wani kwale-kwale mai tsawon kusan mita 8 a kogin Neva. Injin lantarki ne ke juya fikafikan tuƙinsa, batiransa kuma na da tagwayen faranti 320. Ya yi tafiyar kimanin kilomita 2.5 a awa. A shekara mai zuwa aka sake gwaji da ingantaccen inji da batir irin na Grove mai amfani da tutiya da farin ƙarfen filatinam, gudun ya kai wajen kilomita 4 a awa, da mutum 14 a ciki. Batirin na fitar da hayaƙin asid mai shaƙe mutane.

Jirgin ya tafi, amma lissafin kuɗi bai fita ba. Batir tutiya yake ci kamar yadda injin tururi ke cin kwal, tutiya kuwa ta fi kwal tsada ninkin-ba-ninkin. James Joule, wanda ya yi irin wannan gwaji a Manchester, shi ma a nan ya tsaya. A 1842 aka rufe kwamitin. Abin da ya saura daga aikin shi ne ilimi: Jacobi ya gano cewa inji na haifar da wata wuta mai ja da baya yayin da yake juyawa, kuma a 1840 ya fitar da dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta ce batir na ba da iyakar ƙarfinsa ne idan turjiyar abin da aka haɗa masa ta yi daidai da turjiyar cikinsa. A wannan yanayi rabin ƙarfin a cikin batirin yake ƙonewa. Sai da injin samar da lantarki ya zo, shekaru talatin da wani abu bayan haka, injin lantarki ya zama abin kasuwa.

Sanarwa da takaddamar wanda ya riga

A watan Oktoban 1838, makonni kaɗan bayan gwajin jirgin, aka gabatar wa Cibiyar Kimiyya ta Saint Petersburg da wani farantin jan ƙarfe da Jacobi ya gina da lantarki, kwafin wani faranti mai zane. Jaridun birnin suka ɗauki labarin, a watan Mayun 1839 kuma ya isa Landan ta mujallar Athenaeum. Nan da nan mutum biyu suka fito a Ingila suka ce su ma sun yi: C. J. Jordan, wani maɗabbaci, wanda wasiƙarsa ta fito a watan Yuni, da Thomas Spencer na Liverpool, wanda ya karanta takardarsa a watan Satumba. Spencer ya dage cewa gwajinsa ya faro tun 1837. Ba abin mamaki ba ne a ce kowannensu da kansa ya gano, tunda batirin Daniell na hannun kowa kuma kullum yana ajiye jan ƙarfe a gaban idon mai shi. Amma a tarihin kimiyya ranar sanarwa ake dubawa, ta Jacobi kuwa ita ce ta farko. A 1839 ya aika wa Michael Faraday wasiƙa da samfurin aikinsa, aka buga wasiƙar a Ingila.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tasiri. Maimakon a ba shi takardar mallakar ƙirƙira ya riƙe sirrin, gwamnatin Rasha ta biya shi rubul 25,000 don ya bayyana hanyar ga kowa. A 1840 littafinsa a kan galbanofilastik ya fito da Rashanci da Jamusanci, a 1841 Sturgeon ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a Manchester. Cibiyar Kimiyya ta ba shi kyautar Demidov a 1840. Littafin na masu aikin hannu ne, an bayyana komai dalla-dalla, don haka cikin 'yan shekaru maɗaba'u da maƙera da masu sha'awa a gidajensu suka kama yi a duk faɗin Turai. A Birmingham kuwa wata hanya aka bi: a wannan shekarar ta 1840 gidan Elkington ya karɓi takardar mallakar hanyar shafa azurfa da zinariya da lantarki, kamfanoni suka riƙa biyan su kuɗin izini.

Sauran ƙiris guda da ya rage shi ne abubuwan da lantarki ba ya bi ta jikinsu, irin su kakin zuma da filasta da katako da yumɓu. A 1840 Robert Murray na Landan ya nuna cewa idan aka goga musu garin girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, ƙarfe zai kwanta a kansu kamar yadda yake kwanciya a kan ƙarfe. Daga ranar kusan duk abin da zai jure zama cikin ruwan asid ana iya yi masa rigar jan ƙarfe.

Ita kanta kalmar galbanofilastik gaɓa biyu gare ta. Ta farko sunan Luigi Galvani ne, likitan birnin Bologna na Italiya da ya yi gwajin lantarki da ƙafafun kwaɗi. Ta biyu daga wani aikatau na Girkanci ta fito mai ma'anar mulmula abu mai laushi a ba shi siffa, irin yadda ake yi wa yumɓu ko kaki, kuma tushen nan ne ya haifi kalmomin filasta da filastik. Ke nan tun a sunan, aikin maginin tukwane aka aro aka bai wa ƙarfe. A Hausa ma tukunya gina ta ake yi, shi ya sa fassarar da ta fi dacewa ita ce ginin ƙarfe da lantarki. Ya bambanta da shafen lantarki, wanda ɗan siririn rufi ne a kan wani ƙarfe. A gini, ƙarfen kan yi kauri har ya iya tsayawa da kansa.

A Rasha maɗaba'ar gwamnati mai buga takardun kuɗi ta rungumi hanyar tun da wuri, domin tana ba da kwafin faranti ɗaya sau da yawa ba tare da bambanci ba. A tsakiyar shekarun 1840 Maximilian na Leuchtenberg, surukin sarki, ya kafa masana'antar galbanofilastik a Saint Petersburg, wadda ta yi mutum-mutumi da dama na majami'ar Saint Isaac. Kaurinsu milimita kaɗan ne, shi ya sa aka iya ɗora su a saman gini inda nauyin zubin tagulla zai yi yawa. Babbar ƙubbar majami'ar kuwa da tsohuwar hanya aka shafa mata zinariya, wadda ake cuɗa zinariya da zaiba a ƙone, kuma tururin zaibar ya kashe ma'aikata da dama. Shafen lantarki ne ya zo ya kawar da wannan hanya mai kisa a yawancin masana'antu.

Tangarahu da nakiya da ma'auni

Bayan rasuwar Pavel Schilling a 1837, Jacobi ne ya gaji aikin wayar tangarahu a Rasha. A 1841 ya haɗa Fadar Hunturu da hedikwatar soja, a 1843 ya ja layin ƙarƙashin ƙasa mai kimanin kilomita 25 zuwa Tsarskoye Selo, a 1850 kuma ya ƙera na'urar da ke buga haruffa. Gwamnati ta ɗauki wannan aiki sirrin ƙasa, ba ta bari an wallafa shi yadda aka wallafa galbanofilastik ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da sunansa bai fita a tarihin tangarahu kamar na Morse ko Siemens ba.

Ya kuma yi wa sojoji aiki a kan nakiyoyin ruwa da ake haɗawa da batir daga bakin gaɓa. A lokacin Yaƙin Crimea, a 1854, an dasa guda 60 a kusa da ganuwoyin Kronstadt don tare jiragen yaƙin Ingila da Faransa daga isa babban birnin.

Cibiyar Kimiyya ta ɗauke shi a 1839, ya zama cikakken mamba a 1847. A shekarun 1840 ya aika wa masana a Turai wata wayar jan ƙarfe mai tsawon ƙafa 25 don ta zama ma'aunin turjiyar lantarki na bai ɗaya, ko da yake kwafe-kwafenta ba su yi daidai da juna ba, daga baya aka bar ta. Ya wakilci Rasha a baje kolin duniya na Paris a 1867, inda aka karrama shi saboda galbanofilastik. A 1869 shi da Otto Struve da Heinrich Wild suka rubuta rahoton da ya nemi ƙasashe su haɗu a kan ma'aunin mita.

Ya rasu a Saint Petersburg sakamakon ciwon zuciya yana da shekara 72, shekara guda kafin a sa hannu a yarjejeniyar mita ta 1875. Littattafan Rasha kan nuna ya rasu a ƙarshen Fabrairu, saboda kalandarsu ta wancan ƙarni na bayan ta sauran Turai da kwana 12. An binne shi a maƙabartar mabiya Luther ta Smolensk da ke birnin.

Ƙarfe a jikin tangaran

Adon ƙarfe na lantarki a kan tangaran ya yi kasuwa ne bayan rasuwar Jacobi, amma a kan tsarin littafinsa na 1840 aka ɗora shi. Kafin nan, mai son haɗa tangaran da ƙarfe sai dai ya kai wa maƙerin farfaru ya ƙera baki ko gindi ko hannu daban, a ɗaura a jikin kwanon. Ba a iya zuba narkakken ƙarfe a kan tangaran, domin zafin zai fasa shi. Hanyar Jacobi a cikin ruwa mai sanyi take aiki, ƙarfen kuma na bin kowane lungu na jikin abin.

Matsalar da ta daɗe ita ce riƙo. Girafayit ya isa ga filasta, amma a kan santsin ruwan ƙyalli ƙarfen ba ya kamawa sosai. A 1889 Oscar Pierre Erard na Birmingham ya karɓi takardar mallakar wata hanya ta ɗora azurfa a kan gilashi da tangaran, a 1893 kuma John H. Scharling na jihar New Jersey a Amurka ya fito da ingantacciya, wadda bayan azurfar ke fitowa fari maimakon baƙi idan aka hango shi ta cikin gilashi. Dabarar da ta yaɗu ita ce a zana adon da fenti mai garin azurfa, a mayar da kwanon tanderu ya gasu har zanen ya manne da ruwan ƙyallin, sannan a tsoma shi cikin ruwan azurfa a kunna wuta. Azurfar a kan zanen kaɗai take taruwa, sauran jikin ya zauna da launinsa. Daga nan mai sassaƙa ya bi da alƙalamin ƙarfe ya fitar da jijiyoyin ganye da furanni.

A shekarun 1890 kamfanin azurfa na Gorham ya riƙa lulluɓe tulunan furen masana'antar Rookwood ta Cincinnati da irin wannan ado, ganyayen azurfa a kan ruwan ƙyalli mai launin ƙasa-ƙasa. A Jamus garin Schwäbisch Gmünd, wanda da ma garin maƙeran azurfa ne, ya zama cibiyar sana'ar, inda Friedrich Deusch da waɗanda suka biyo bayansa ke sayen tangaran daga kamfanoni irin su Rosenthal su yi masa ado. Kamfanin WMF na Geislingen kuwa ya yi suna wajen rufe mutum-mutumin filasta da jan ƙarfe, irin waɗanda har yanzu ake gani a tsofaffin maƙabartun Jamus.

Masu ginin tukwane na zamani da ke wannan aiki a ƙananan shaguna sun fi amfani da jan ƙarfe, domin ruwan azurfa na masana'anta yawanci gubar sayanayid gare shi. Sai an gama gasa tukunyar ake farawa. Duk inda ba ruwan ƙyalli sai an toshe shi da baranish ko kaki, in ba haka ba yumɓun zai sha asid, bayan kwanaki gishiri mai shuɗi-shuɗi ya riƙa fitowa daga jikinsa. Sai a shafa fenti mai girafayit ko garin jan ƙarfe a wurin da ake son ado, a ɗaura siririyar waya ta taɓa fentin, a rataya tukunyar cikin shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe mai ɗan asid. Wayar tukunyar na tafiya kan wuta mai alamar ɗebewa, wani guntun jan ƙarfe da aka rataya a gefe kuma na tafiya kan mai alamar tarawa. Guntun na narkewa a hankali, daidai gwargwadon abin da ke kwanciya a jikin tukunyar.

Aikin ba ya son gaggawa. Amfiya ɗaya a cikin awa ɗaya giram 1.2 na jan ƙarfe kawai take ajiyewa, don haka ado mai kauri kan ci awoyi da yawa, wani lokaci kwana da kwanaki. Idan aka ƙara wuta don a yi sauri, ƙarfen ya fito da duhu da gari-gari, yatsa ma na goge shi, irin matsalar da Jacobi ya sha fama da ita a gwaje-gwajensa na farko. Wuta ta fi taruwa a kan baki da tsini, saboda haka nan ne ƙarfen ke fin kauri har ya yi ƙuraje kamar murjani. A masana'anta aibi ne wannan, amma masu aikin ado da yawa da gangan suke nemansa.

Jan ƙarfen da aka gina a kan fenti ba ya haɗewa da tangaran, rungumarsa kawai yake yi. Shi ya sa gwanaye ke tsara adon tun tukunyar na ɗanya, su yi mata tsagi ko ƙananan huji, ko su sa ƙarfen ya zagaye wuya ya haɗe da kansa, yadda ba zai sulluɓe ba. Irin wannan tukunya ba ta hawa murhu, domin ƙarfe ya fi yumɓu buɗewa idan ya ji zafi, kuma a waje ake yin adon, tunda jan ƙarfe na yin koren tsatsa mai cutarwa idan ya daɗe da abinci mai tsami.